Gautsi

Shekara talatin da ɗaya ina haɗa bututu a Gombe.
Baƙin ƙarfe na sani, shi ma ya san ni.
Na sa shi ɗaukar tururi a gidan gurzar auduga,
na binne shi a Bolari ya kai ruwa har Pantami.
Na sha bugunsa: ya lotsa, ya lanƙwashe, ya haƙura.
Bai taɓa ba ni kunya a gaban mutane ba.

Sai aikin asibiti ya zo.
Farin tanki, dogo, ya fi rumbun kakana,
cikinsa iska ce da sanyi ya matse har ta koma ruwa,
wadda ake sakar wa masu haki su shaƙa.
Na zo da gwiwa goma sha biyu a buhun siminti,
sababbi fil, ko maiƙonsu bai bushe ba.

Injiniya Rifkatu, 'yar Kaltungo,
wadda ɗiyata ta biyu ta girme wa,
ta juya ɗaya a tafi, ta karanta lambar jikinta,
ta ce, Baba, waɗannan ba za su shiga nan ba.

Na ce, yarinya, wannan ya sha wutar da ke narka dalma.
Ta ce, ai ba wuta zai sha ba.

Ba ta yi musu da furfurata ba.
Gora ta sa aka kawo, mai fitar da hayaƙi marar ɗumi,
hayaƙin da ke gangarowa ƙasa maimakon ya hau.
Ta tsoma gwiwata da awartaki.
Ruwan ya tafasa babu murhu.
Da ya lafa ta tsamo ta, fari fat kamar an barbaɗa gishiri,
ta ɗora a maƙera, ta miƙo mini gudumata.

Sau ɗaya na buga.
Ba ƙarar ƙarfe na ji ba,
ƙarar tangaran na ji a hannun yaro.
Ɓari ɗaya ya tsallake kwata.
Cikin karayar yana ƙyalli, tsaba-tsaba, kamar sukari.

Ɗari da tamanin da 'yan kai ƙasa da sifili, in ji ta.
A can ƙarfen nan yakan manta yadda ake lanƙwasa.
Ƙarfinsa na nan, har ya ƙaru,
haƙurin ne ke gudu.
Ba ya lotsawa ya yi maka gargaɗi.
Lafiya lau, lafiya lau, sai tas.

Ban amsa ba. Bappayo na tuna,
maigidana, wanda ya koya mini riƙon sifana.
Gobara ta ci rumfarsa, ya kafa wata.
Bashi ya gasa shi, bai ko canja hula ba.
Amma da idonsa ya dushe, 'yan kwangila suka daina tsayawa,
mu ma da ya raina muka koma ɗaga hannu daga kan babur,
damina biyu kacal ya yi a kan bencin nan.
Muka ce, ikon Allah, jiya-jiya garau yake.

Da farin ƙarfe muka gama aikin, mai nikel a jini,
wanda sanyi ba ya mayar da shi kasko.
Tsada gare shi, ga wuyar sha'ani a bakin walda.
Na koya, a gaban yarana, ina gumi.

Gwiwa sha ɗayan da suka rage
suna Kumo yanzu, a rijiyar burtsatse,
suna ɗaukar ruwa, babu mai kuka da su.
Ba mugun ƙarfe ba ne. Wurin ne ba nasa ba.

Ɓarin nan kuwa na tsinto shi daga kwata.
Yana aljihuna, ya huda mini riga biyu.
Ran Juma'a nakan biya ta gidan Bappayo,
in kashe babur, in sauka,
in gaida tsohuwarsa a zaune.